Zauren Kakana Ya Koma Linki

Rubutun nan yana da tsawo, na faɗa tun da wuri. Amma rubutu ne zalla, ba zai ci muku data ba, don haka a yi haƙuri a karanta.

Makon jiya a guruf ɗinmu na ɗaliban Arewa da ke karatu a Legas an yi wata muhawara da ta kai mu har ƙarfe ɗayan dare. Wani ne ya turo tallar fili da ake sayarwa a metabas, wai a saya yanzu kafin ya yi tsada. Nan take guruf ya rabu biyu, masu cewa dama ce da masu cewa damfara ce. Can sai wani ɗan uwa ɗan Gusau ya rufe taro da cewa duk wannan harkar 3D ta masu iPhone ce da 'ya'yan Lekki, mu talakawa mu nemi abin da za mu ci. Aka yi ta tura masa alamar dariya. Ni dai na ce zan ba shi amsa a nan, inda kowa zai gani.

Maganar filin metabas kam, ina tare da masu cewa kowa ya riƙe kuɗinsa. Filin da ba za ka shuka gero a ciki ba, ba za a binne ka a ciki ba, ban ga na saye ba. Amma maganarka ta biyu, Malam, ba ka yi daidai ba, kuma da abin da ya faru a gidanmu zan nuna maka.

Ni haifaffen Agege ne. Kakana ya zo daga Kano yana saurayi, zamanin da goro ne ke riƙe da garin nan: gonakin goro a kewaye, tashar jirgin ƙasa a tsakiya, ana loda huhuna ana tafiya da su Arewa. Ya fara da yaron gida, ya zama mai masauki, ya sayi gida a cikin Zango. Irin gidajen nan ne na Legas, doguwar hanya a tsakiya, ɗakuna suna kallon juna. Ɗakin farko na hannun dama ya fasa masa ƙofa ta waje ya mayar da shi zaure. A nan yake saukar fatake, a nan ake kwance huhu a duba goro, a yayyafa ruwa, a sake ganye a ɗaure. A nan aka raɗa wa babana suna, a nan aka raɗa mini nawa.

Bayan rasuwarsa magada suka yi yawa, gida kuma ɗaya. An daɗe ana ja kafin a daidaita a kan a sayar a raba. Wanda ya saya ya ba mu wata ɗaya, ya ce bene zai gina na haya. Ban ga laifinsa ba, haka Agege take yanzu. Wanda ya yi shekara biyar bai zo ba, in ya sauka yau sai ya yi tambaya: gadar Pen Cinema da aka buɗe a Maris 2021, sabuwar tashar jirgin Legas zuwa Ibadan da ya fara aiki a Yunin wannan shekarar, ga kuma jirgin cikin gari na Jan Layi da aka ƙaddamar a Fabrairu 2024. Gari yana ci gaba, alhamdu lillahi, amma kuma yana haɗiye abin da ya tarar.

Sauran mako biyu a rushe, na ɗauki wayata, Tecno ce ba wata abar faɗa ba, na shiga zauren da safe na yi ta ɗaukar hoto. Taku ɗaya, hoto ɗaya, kowane hoto ya hau kan rabin na bayansa. Bango, rufi, daɓe, taga, buzun sallarsa, tsohon sikeli, har ƙarƙashin benci. Hoto ɗari uku da wani abu. Ƙannena suna tsaye a bakin ƙofa suna cewa Yaya ya fara taɓuwa. Na kai hotunan wajen wani abokina mai kwamfuta mai ɗan ƙarfi, muka zuba su a Meshroom, manhaja ce ta kyauta da ke duba hotuna ta gano inda suka yi tarayya, daga nan ta lissafo siffar wurin. Ta kwana tana aiki, aka ɗauke wuta sau biyu, muka sake daga farko. Ran na uku sai ga zauren kakana a allo, muna juya shi kamar ƙwarya.

Fayil ɗin da ya fito ya yi nauyin da babu wayar da za ta buɗe shi. Na kwashe kwanaki a Blender, ita ma kyauta ce, ina rage shi har ya dawo ƙasa da megabait goma. Na ɗora shi a wani shafi, na samu adireshin shafin, wato linki, na tura wa Baffana a Kano.

Baffa yayan babana ne. Ya bar Agege tun kafin a haife ni, yanzu ƙafa ta hana shi doguwar tafiya, ko zaman rabon gado bai samu zuwa ba. Ɗansa ya buɗe masa a waya, suka kira ni ta wata wayar. Ina jin sa yana cewa, "Kai, matso da ni wajen taga." Sai shiru. Sai ya ce, "Ɗana, wannan ƙusar har yanzu tana nan?" Na ce wace ƙusa, Baffa? Ya ce wadda Baba ke rataye carbinsa. Wallahi ni da na yi shekara ashirin ina shiga ɗakin nan ban taɓa lura da ita ba. Na koma na duba, tana nan. Ya daɗe yana yawo a ciki. Da zai ajiye ya ce, "Allah Ya yi maka albarka. Sai dai babu ƙamshin goro." Na ce Baffa wannan kam ya fi ƙarfin kwamfuta.

To ɗan Gusau, ka lura: wayar da na ɗauki hoton ba iPhone ba ce, wadda Baffa ya kalla da ita ma ba iPhone ba ce. Bai sauke wata manhaja ba, bai yi rajista ba, bai sa wani gilashi a fuska ba. Linki ya danna, Chrome ta buɗe, ya shiga ɗakin ubansa.

Bari in ɗan yi bayanin yadda abin yake aiki, don na san akwai 'yan shari'a da 'yan aikin jarida a nan, ba kowa ne ɗan kwamfuta ba. Duk abin da ka gani a 3D, ko mota ce a wasan waya ko zauren kakana, da ƙananan alwatika aka gina shi, dubbai ko miliyoyi, an jera su gefe da gefe har sun ba da siffa. Kamar magini ne: ya jera tubali da azara, gini ya tsaya, sannan a zo da yaɓe. Yaɓen a nan hoto ne ake shimfiɗawa a kan alwatikan, shi ke ba da launi da tsagar bango da dattin hannu a jikin ƙofa. A cikin wayarka akwai wani ɓangare da aikinsa ke nan kawai, zana alwatika da sauri, sunansa GPU. Shi ne ke aiki in kana buga ƙwallo ko Free Fire. Duk lokacin da ka motsa yatsa, sai ya sake lissafa inda kowace kusurwa za ta faɗo a allo, ya sake zana ɗakin gaba ɗaya, sau talatin ko sittin a daƙiƙa guda. Shi ya sa waya ke ɗumi.

Bambancinsa da bidiyo a nan yake. A bidiyo, mai ɗauka ya riga ya zaɓa maka inda za ka kalla. Da bidiyo na tura wa Baffa, da bai ga ƙusar nan ba, don ni ban san da ita ba balle in tsaya a kanta. Sannan irin wannan ƙaramin aikin sau ɗaya yake sauka. In ya gama sauka, ko awa guda za ka yi kana zagaye a ciki ba ya ƙara jan data, wayarka ce ke zane da kanta. Manya irin Google Earth su kam suna ci gaba da ja, don duniya ba ta sauka a tashi ɗaya.

Abin da ya haɗa burauza da GPU shi ake kira WebGL, kuma an daɗe ana neman hanyar kafin a same ta. Tun 1994 Mark Pesce da Tony Parisi suka fito da VRML, da burin a riƙa shiga shafin intanet kamar yadda ake shiga ɗaki. Bai karɓu ba, saboda sai ka sauke ƙarin manhaja ka liƙa wa burauza, kwamfutocin lokacin kuma ba su da ƙarfi. A 2003 aka buɗe Second Life, duniya guda da mutane ke gina gidaje suna ciniki a ciki, amma ita ma sai ka sauke tata manhajar a kwamfuta mai kyau. Sai a Maris 2011 ƙungiyar Khronos, wadda ta haɗa manyan kamfanonin fasaha, ta fitar da WebGL, aka gina shi a cikin burauzar kanta. Apple bai bari ya yi aiki a burauzar iPhone ba sai 2014. Rubuta WebGL kai tsaye wahala ce, sai ka yi dogon rubutu kafin alwatika ɗaya ta fito. Wani ɗan Sifen, Ricardo Cabello, ya sauƙaƙa wa duniya da three.js, wanda ya saki kyauta a 2010, da shi na yi amfani. Su Khronos ɗin kuma suka fito da glTF, tsarin fayil da kusan kowace manhajar 3D ke iya buɗewa. Yanzu ma akwai ƙanensa mai ƙarfi, WebGPU, ya shigo Chrome a 2023, amma mu da ƙananan wayoyi WebGL ya ishe mu tukuna.

Me ya sa nake ta nanata burauza? Saboda ita ce ƙofar da ta yi daidai da aljihunmu. Lokacin da Facebook ya sauya sunan kamfaninsa zuwa Meta a Oktoba 2021, hoton da aka sa mana a kai shi ne sai da gilashi ake shiga wannan duniyar. Quest 3 ya fito a 2023 a kan dala 499, ku lissafa da canjin yau ku gaya mini kuɗin makarantar zango nawa ne. Manhaja kuma, kowa ya san halin wayoyinmu: kafin ka sauke sabuwa sai ka goge hotunan bikin ƙanwarka. Ka ce wa dattijo ya je Play Store ya nemi kaza ya yi rajista da imel, ka san an gama, ba zai yi ba. Linki kuwa WhatsApp yake bi, ya tafi Maraɗi, ya tafi Kumasi, ya tafi Jidda, duk inda dangi suke. Ba ka nemi izinin kowa kafin ka wallafa ba, ba wanda zai yanki kaso.

Sharaɗi biyu ne. Na ɗaya, Opera Mini da yawancinmu ke so don tsimin data ba ta dace da wannan ba, domin a yanayin tsiminta mai tsanani sabar kamfanin ce ke haɗa shafin ta turo maka shi a daskare. A buɗe da Chrome ko Firefox. Na biyu yana kan mai ginawa. Tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairu 2025, duk wanda ya tura wa mutanenmu shafi mai megabait ɗari ya zalunce su. Rage nauyi shi ne rabin sana'ar, kuma a nan nake ganin mu za mu fi wanda ya tashi cikin wayfai marar yankewa gwaninta, don shi bai taɓa zama yana kallon data na zuba kamar ruwa a kwando ba.

Yanzu ga ainihin abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. A 2024 nawa ne a cikinmu suka kwashe watanni suna danna Hamster Kombat? Ni ma na danna, ba zan yi ƙarya ba, har a cikin lakca. Ranar 26 ga Satumba aka raba, kowa ya san abin da ya samu. Wannan wayar dai, wannan yatsan dai, wannan haƙurin na tashi cikin dare don kada a rasa maki, da rabinsa muka zuba a koyon Blender da three.js, da yanzu wani zance ake yi.

Kuma muna da abin ɗauka, har ya yi yawa. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana sallar La'asar, wani sashe na babban Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta, aka rasa rayuka, Allah Ya jiƙan su. Masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830 zuwa 1840, da bakan gizo da ɗaurin guga na ƙasa da azara, irin aikin da masana gini na duniya ke zuwa kallo. Na taɓa yin sallah a ciki da na je wajen wani abokina a Samaru, da waya a aljihuna, ko hoto ɗaya ban ɗauka ba. Ku kwatanta da cocin Notre-Dame ta Faris da ta yi gobara a 15 ga Afrilu 2019. Shekaru kafin gobarar wani malamin tarihin gine-gine, Andrew Tallon, ya auna ta da na'urar leza, ɗigo sama da biliyan ɗaya, ma'aunin ya taimaka wa masu gyara, aka sake buɗe ta a Disamba 2024. Ban ce wayar Tecno za ta yi aikin leza ba, ba za ta yi ba, ma'auninta ba ya kai wannan daidaito. Amma tsakanin abin da waya ke iyawa da babu komai akwai tazara mai nisa.

Abin kunya ma, wanda ya yi mana irin wannan hidimar tun kafin a haifi iyayen wasunmu baƙo ne. Zbigniew Dmochowski, ɗan ƙasar Foland, ya yi shekaru yana bin gine-ginen gargajiya na Najeriya da abin awo da takarda, aikinsa ya fito a littattafai uku a 1990, bayan rasuwarsa. Shi ne kuma ya tsaya aka kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, inda aka gina kwafin masallacin Zariya da wani yanki na ganuwar Kano da ƙasa ta gaske. Ya yi 3D ɗinsa da tubali, amma sai ka je Jos kafin ka gani. A wannan zamanin kuma, Zamani Project na Jami'ar Cape Town ya auna masallatan Djenne da Timbuktu. A Maris 2022 Google Arts & Culture ya buɗe Mali Magic, da shafukan rubuce-rubucen Timbuktu sama da 40,000 da wuraren tarihi da za ka zagaya ta burauza. A nan kusa da mu CyArk ta yi aiki a kurmin Osun-Osogbo. Mu kuma badalar Kano kullum raguwa take, damina na ci, masu gini na ci. Hasumiyar Gobarau, marinar Ƙofar Mata, rumfunan Kurmi, tsofaffin zaurukan Birnin Zazzau da zankayensu. Muna jiran wa?

Kuma kada a ɗauka sai abin sarauta ne tarihi. Google ya kawo Street View Legas a Yulin 2017, lokacin da shugabansa Sundar Pichai ya zo. Abu ne mai kyau, amma motar ɗaukar hoto titi take bi, lungun da ko keke sai ya yi dabara kafin ya shiga ba nata ba ne. Rayuwar Hausawan Agege kuwa a lungu take: ɗakin ajiyar goro, makarantar allo, teburin mai shayi, rumfar wanzami. Haka Idi-Araba, haka Obalende, haka Mile 12. Babu wata cibiya daga Turai da za ta zo ta ɗauki zauren kakanka, ba ta ma san da shi ba.

Na san abin da wasu za su ce, don an riga an faɗa mini. Wani ya ce hoto ne, ina hukuncinsa? Abin da na tashi na ji daga malamai shi ne ana bambanta mai rai da marar rai, bango da rufi da kasuwa kuwa ba su da rai. Maganar ƙera siffar mutum a saka a ciki, wannan a kai wa malamai, ni ɗalibin kwamfuta ne. Wani ya ce tarihi ba ya cika ciki. Gaskiya ne. Amma hannun da ya iya ɗaukar zaure shi ne zai ɗauki gidan haya wa dillalin da ya gaji da kai mutane kallo cikin cunkoson Legas, shi ne zai ɗauki kujera da gado wa mai kafinta, abokin ciniki ya juya su a waya kafin ya biya. 'Yan likitanci kuma ku tuna, ɗaya daga cikin abubuwan farko da aka nuna ƙarfin WebGL da su a 2010 jikin ɗan Adam ne, Google Body, kana ɗaga fata ka ga tsoka, ka ɗaga tsoka ka ga ƙashi. Ku ɗauka an yi irinsa da sunayen gaɓoɓi da Hausa don ɗaliban kiwon lafiya na karkara. Ga 'yan Legas, akwai Imisi 3D da ke wannan fagen tun 2016, akwai CcHub a Yaba, jirgin Jan Layi daga Agege zai sauke ka kusa. In ka je irin tarukan nan ka ƙirga 'yan Arewa a ɗakin, yatsun hannu ɗaya sun isa, kuma ban ga wanda ya tsaya a ƙofa ya hana mu ba.

Sai dai akwai wani ɓangare da ban so faɗa ba, amma in na ɓoye na ci amanarku. A jikin bangon zauren, bayan ƙofa, kakana yana rubuta bashin goro da biro: suna, huhu nawa, nawa ya saura. Wasu an soke, wasu ba a soke ba. Ni ado na ɗauke shi, har daɗi na ji da rubutun ya fito tsaf. Linki ya bar hannun Baffa ya shiga guruf ɗin dangi, daga nan ya shiga na 'yan unguwa. Bayan kwana huɗu wani bawan Allah ya yi sallama da babana bayan Magariba. Ya ga sunan mahaifinsa, wanda ya rasu da daɗewa, da bashin da ba a soke ba, kuma duk Zango ta gani. Bai ɗaga murya ba. Ya ce in bashin yana nan a faɗa masa ya biya wa ubansa, in kuma an biya a daina tallar sunansa. Babana ya ba shi haƙuri, ya ce an yafe tun ran rabon gado. Da ya tafi, babana ya juyo ya ce mini, "Shekara arba'in rubutun nan yana bayan ƙofa, ba wanda ya sani sai mai bi da wanda ake bi. Kai a kwana huɗu ka kai shi kasuwa." Ban samu abin cewa ba. A daren na sauke shafin, na shafe wurin, na mayar. Amma wanda ya riga ya ɗauki hoton allo ya ɗauka.

Tun daga nan na gane cewa abin da ya sa Baffa ya ga ƙusa, shi ne ya sa wani ya ga bashi. Mai kallo ne ke zaɓen inda zai kalla, kai mai ɗauka ba ka da iko. Don haka ƙa'idar da na ɗaukar wa kaina ita ce ta gidan Bahaushe: baƙo iyakarsa zaure. Inda aka rubuta "ba shiga", kyamara ma ba shiga. A nemi izinin mai wuri, a nuna masa abin da ya fito kafin a saki, a shafe suna da lamba da fuska. Akwai kuma maganar tsaro, wadda mu mazauna kudu muka fi kowa sani. Waɗanda suka ga rikicin Idi-Araba na Fabrairu 2002 da na Mile 12 na Maris 2016 ba za su so a ɗora taswirar unguwa da kowane lungu da kowace mafita a inda kowa zai buɗe ba, kuma suna da gaskiya. Ɗaki ɗaya, rumfa ɗaya, gaban masallaci da izinin liman da mai unguwa, wannan daban. Unguwa sukutum, ni ba zan yi ba.

Wani gargaɗin kuma: kada ka bar aikinka a hannun kamfani kaɗai. Google Poly ya rufe a 2021, AltspaceVR na Microsoft ya rufe a 2023, Mozilla Hubs, wanda ta burauza ake shiga a haɗu a ɗakunan 3D, ya rufe a Mayu 2024. Ɗora a Sketchfab ko ina ka ga dama, amma ka riƙe fayil ɗin glTF da asalin hotunanka a wuri biyu. Hotunan ma sun fi muhimmanci, domin manhajojin suna ƙara kyau, bayan shekara biyar za ka iya sake zuba su ka samu abin da ya fi na yau.

Wannan aikin shi na kai a matsayin furojet ɗina na kammalawa, kuma sai da na sha tambaya. Ɗaya daga cikin masu jarrabawa ya juya zauren sau biyu ya ce, to wannan ai wasan yara ne, ina rumbun bayanan? A ranar mutum shida suka gabatar da manhajar rajistar ɗalibai, kusan iri ɗaya, har kuskuren rubutunsu ɗaya, kowa ya san shagon da aka sayo, ba wanda aka ce wa wasan yara. Allah Ya saka wa malamar da ta duba aikina, ita ta ce ya tambaye ni yadda na rage alwatika miliyoyi zuwa abin da ƙaramar waya za ta ɗauka. Na yi bayani, aka wuce wurin. 'Yan aji uku da ke neman abin da za su yi baɗi, musamman 'yan zanen gini da safiyo da kwamfuta da tarihi na ABU da BUK da Danfodiyo, ku haɗu mutum uku-uku ku zaɓi gini ɗaya a garinku. Ɗan tarihi ya yi hira da masu wurin, ɗan safiyo ya yi awo, ɗan kwamfuta ya ɗora.

Mu na Legas, Asabar ta sama in Allah Ya kai mu, ƙarfe takwas na safe, mu haɗu a bakin tashar jirgi ta Agege. Akwai wani dattijo mai tsohon ɗakin ajiyar goro da ya amince mu ɗauka, da sharaɗin ba fuskar kowa kuma littafin bashinsa zai tafi da shi gida. A zo da waya cike da caji da wurin hoto ɗari biyu, a goge gilashin kyamara. In an tashi da hadari ma ya fi, rana mai ƙarfi tana ɓata aikin da inuwa. 'Yan uwa mata ku zo, akwai wuraren da ku kaɗai za a bari ku shiga in masu su sun yarda. Ɗan Gusau, kai ne za ka riƙe tsani.

Gidan kakana kuwa an rushe shi, bene ya kai hawa na biyu. Baffa ya kira shekaranjiya wai in na zo hutu in ɗaukar masa ɗakin Hajiya Babba na gidan Kano. Na tambaye ta a waya, ta ce kada in kuskura.